ZAFIN BAZARA DA SHANYEWAR ƁARIN JIKI: ABIN DA LITTAFIN ASIBITI BA YA NUNAWA

Da zarar hunturu ya kaɗe ƙurarsa ya wuce, sai bazara ta sako kai. Tun daga watan Maris har zuwa faɗuwar ruwan fari, garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri da Yola sukan wuni ma'aunin zafi yana haura digiri 40, dare kuma ya yi bango na ta huci kamar murhun da aka kwashe wa wuta. Jama'a sun saba da cututtukan da ke rakiyar wannan lokaci, watau sanƙarau da ƙyanda da ƙurajen zafi. Amma akwai wata cuta da ba a cika danganta ta da zafi ba, alhali kuwa binciken likitoci na shekaru masu yawa ya nuna tana da alaƙa da shi. Ita ce shanyewar ɓarin jiki, wadda wasu ke kira mutuwar ɓarin jiki.

Cutar ba ƙarama ba ce. Wani babban lissafi da masana suka buga a 2024 ya nuna cewa a shekarar 2021 kaɗai mutum miliyan 11.9 ne ta kama a duniya, ta kuma yi ajalin miliyan 7.3. Lissafin ya ƙara da cewa ɓarnar da tsananin zafi ke jawowa ta hanyar wannan cuta ta ƙaru da kashi 72 cikin 100 tun daga 1990. Saboda haka ya kamata mai karatu ya san yadda abin ke faruwa, da waɗanda ya fi yi wa barazana, da kuma dalilin da ya sa yawan masu kwanciya a asibiti ba ya bayyana girman matsalar.

MAFARIN CUTAR A ƘWAƘWALWA YAKE

Ko da yake a hannu da ƙafa da baki ake ganin alamunta, asalin cutar a ƙwaƙwalwa yake. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiyar abinci ko iska, kullum sai jini ya kai mata ta jijiyoyinsa. In jini ya yanke wa wani sashe nata na 'yan mintoci, sai wannan sashe ya fara mutuwa, gaɓar da yake sarrafawa kuma ta daina aiki. Ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa shi ke tafiyar da ɓarin dama na jiki, na dama kuma ɓarin hagu. Wannan ne ya sa ake ganin ɓari guda ya saki.

Yankewar jinin iri biyu ce. Ta farko, gudan jini ya daskare ya toshe jijiya. Ta biyu, jijiya ta fashe jini ya malala cikin ƙwaƙwalwa. Wani bincike da ake kira SIREN, wanda Farfesa Mayowa Owolabi na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da Gana, ciki har da na Kano da Zariya, ya duba majiyyata sama da 2,000, aka buga sakamakonsa a 2018. An tarar kashi 68 cikin 100 toshewa ce, kashi 32 fashewa. An kuma tarar hawan jini shi ne kan gaba nesa ba kusa ba cikin abubuwan da ke haddasa cutar, domin kusan kashi 90 cikin 100 na ɓarnar ana iya jingina ta gare shi.

Bambancin nan yana da muhimmanci ga zancenmu. Yawancin bincike ya nuna zafi ya fi ƙara haɗarin toshewa. Fashewa kuwa an fi danganta ta da sanyi, lokacin da jijiyoyi ke tsukewa jini ya hau.

YADDA ZAFI KE YI WA JINI

Jikin ɗan Adam yana son ya zauna a wajejen digiri 37. In gari ya yi zafi, yana da dabara biyu ta huce kansa. Yakan buɗe ƙananan jijiyoyin da ke ƙarƙashin fata domin jini ya kwararo can ya saki zafinsa, yakan kuma fid da gumi. Dukansu biyu suna da tsada. Tura jini zuwa fata na tilasta wa zuciya ta ƙara gudu, gumi kuma ruwa ne da gishiri da ake ɗiba daga cikin jini. In ba a mayar da abin da ya fita ba, sai jini ya ragu kuma ya yi kauri, kamar kunun da aka bari a kan wuta.

Wani masani a London, Farfesa William Keatinge, shi da abokan aikinsa sun auna wannan abu, suka buga sakamakon a 1986. Sun zaunar da mutane masu lafiya cikin iska mai zafin digiri 41.6 har awa shida, ga ruwan sha a kusa da su. Duk da haka nauyin kowannensu ya ragu da kusan kilo biyu saboda gumi, bugun zuciya ya ƙaru da wajen 32 a minti, kaurin jini ya ƙaru da kashi 24 cikin 100, ƙananan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare kuma suka ƙaru da kashi 18. Da suka duba alkaluman mace-mace na wani tsananin zafi da aka yi a Ingila, sai suka ga mutuwa ta toshewar jijiyar zuciya da ta ƙwaƙwalwa ta fi yawa bayan kwana ɗaya zuwa biyu da ranar da zafi ya kai maƙura.

To, mai karatu ya duba. Waɗannan mutane ne lafiyayyu, awa shida kawai suka yi, ga kuma ruwa. Ina ga tsoho mai shekara saba'in, wanda hawan jini ya daɗe yana cin jijiyoyinsa har sun ƙanƙance, sa'an nan ya kwana huɗu ko biyar cikin ɗakin kwano? Jini mai kauri yana tafiya a hankali cikin matsattsiyar hanya, ƙarfin da ke tura shi zuwa ƙwaƙwalwa kuma ya ragu domin an karkatar da shi zuwa fata. Nan ne gudan jini ke samun wurin tsayawa. Daɗin daɗawa, rashin ruwa da ƙarancin gishirin jini sukan birkita bugun zuciya, zuciyar da ke bugu ba bisa tsari ba kuwa takan tara gudan jini a cikinta ta harba shi zuwa ƙwaƙwalwa.

Abin ba ya ɗaukar lokaci. Wani bincike da aka yi a ƙasar Sin kan majiyyata sama da 82,000, aka buga a 2024, ya nuna haɗarin toshewa yana tashi tun cikin sa'ar da zafi ya tsananta, ya kuma ci gaba har wajen awa goma.

DAREN DA BA YA HUCEWA

Da can an fi mai da hankali ga zafin rana. Amma likitocin asibitin jami'a na birnin Augsburg a Jamus, tare da masana daga Munich, sun bi diddigin mutum wajen 11,000 da cutar ta kama daga 2006 zuwa 2020, suka gwada lokacin kamuwarsu da zafin daren da ya gabata. Sakamakon da suka fitar a 2024 ya nuna dare mai tsananin zafi yana ƙara haɗarin da kashi 7 cikin 100, abin kuma ya fi taɓa tsofaffi da mata.

Dalilin a fili yake. Dare shi ne lokacin da jiki ke hutawa daga wahalar wuni, zuciya ta sassauta, barci ya gyara abin da ya lalace. In daren ma bai huce ba, sai mutum ya wayi gari da bashin jiya, ya ɗora na yau a kai. Abin da ya bambanta zafin kwana da kwanaki da zafin wuni guda ke nan.

Wannan magana ta shafe mu ƙwarai. Kakanninmu sun yi gini da ƙasa, bango mai kauri da rufin soro ko na ciyawa, wanda ke hana zafin rana shiga da sauri. Da bazara kuma akan fito tsakar gida ko ƙofar gida a shimfiɗa tabarma. Yau bulo da kwano sun maye gurbin ƙasa, an sare itatuwan unguwa an yi shaguna, tsoron ɓarayi ya sa ana kulle ƙofa da taga, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Ɗakin da ya wuni yana shan rana shi ne ake rufe tsoho a ciki har asuba.

LITTAFIN ASIBITI DA LITTAFIN MAƘABARTA

Mutum zai zaci in zafi na ƙara cutar, to lalle gadajen asibiti za su cika da masu ita duk sa'ad da aka yi zafi. Abin mamaki, alkaluman ƙasashen da ke rubuta kome da kome ba su nuna haka kai tsaye ba.

A watan Yuli na 1995 an yi wani zafi a birnin Shikago na Amurka wanda ya kashe mutum sama da 700 cikin mako guda. A makon an kwantar da mutum 1,072 fiye da yadda aka saba, watau ƙarin kashi 11 cikin 100. Amma mafi yawansu rashin ruwa a jiki da galabaita da bugun zafi ne suka kai su, sai kuma ciwon ƙoda. A wannan shekara an yi zafi a London daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Agusta. Mace-mace suka ƙaru da kusan kashi 11 cikin 100, amma masu kwanciyar gaggawa a asibiti ƙarinsu bai kai kashi 3 ba. Wani binciken kuma da ya haɗa birane 12 na Turai, aka buga a 2009, ya tarar zafi na ƙara yawan masu kwanciya saboda ciwon numfashi, amma bai ga irin wannan ƙari ga masu ciwon zuciya da shanyewar jiki ba, alhali an san mutuwa ta waɗannan cututtuka tana ƙaruwa da zafi.

Ta yaya mutuwa za ta ƙaru, kwanciya ba ta ƙaru ba? Bayanin da masanan suka fi karkata gare shi shi ne, da yawa daga cikin mutanen nan ba sa kaiwa asibiti. Cutar takan same su su kaɗai a ɗaki, ko cikin dare, rai ya yi halinsa kafin wani ya ankara. A Shikago yawancin waɗanda suka mutu tsofaffi ne matalauta da ke zaune su kaɗai. Haka aka gani a Faransa a watan Agusta na 2003, inda zafi ya yi ajalin mutum wajen 15,000, akasarinsu tsofaffi. Ashe ke nan wanda ya dubi littafin asibiti kaɗai ya ce zafi bai yi ɓarna ba, rabin labari ya karanta.

In haka ta faru a inda motar ɗaukar majiyyata ke zuwa cikin mintoci, sai a kwatanta da inda asibiti ke da nisa, kuɗin magani daga aljihu yake fita, mamaci kuma akan yi masa sutura a ranar, galibi ba tare da likita ya rubuta dalilin mutuwa ba.

DARASI DAGA BAMAKO

Ba sai an je Turai ba. A ƙarshen Maris da farkon Afrilu na 2024 an yi wani zafi a yankin Sahel wanda ya wuce abin da aka saba. Ran 3 ga Afrilu ma'auni ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ba da labarin mutuwar mutum 102 cikin kwana huɗun farko na watan, alhali a watan Afrilun 2023 gaba ɗayansa mutum 130 ne suka mutu a can. Alkaluman sun haɗa dukan mace-macen da aka yi a asibitin, wajen rabinsu kuma tsofaffi ne 'yan sama da shekara 60. Zafin ya zo daidai da azumin Ramalana, ga kuma yawan ɗaukewar wuta. Masana yanayi na ƙungiyar World Weather Attribution da suka nazarci abin sun ce ba don ɗumamar duniya da ayyukan ɗan Adam suka jawo ba, da zafin bai kai haka ba.

Mali da arewacin Nijeriya da Nijar yanayinsu guda ne, gininsu da zamansu sun yi kama. Hausawa kuwa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

SAI BANGO YA TSAGE

Zafi ba ya kayar da kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, babbar tsagar kuwa ita ce hawan jini, wanda mutum kan yi shekaru da shi bai sani ba domin ba ya ciwo. Bayansa sai ciwon sukari, da ciwon zuciya, da ciwon ƙoda, da shan taba. Wanda cutar ta taɓa kama shi, ko da ta sake shi, yana cikin haɗari fiye da kowa.

Tsofaffi suna da ƙarin rauni, domin ƙishirwa ba ta cika damunsu ba ko da jikinsu ya bushe, gumi kuma ba ya fita musu kamar na yaro. Wanda ke kwance ba ya iya tashi, sai an tuna da shi zai sha ruwa. Masu amosanin jini, watau sikila, su ma sai an kula da su, domin rashin ruwa na tayar musu da ciwo, shanyewar jiki kuma takan kama su tun suna yara. Haka nan masu aikin ƙarfi cikin rana, kamar leburori da 'yan dako da masu tura ruwa da masu gidan burodi.

Wasu magungunan hawan jini, musamman masu sa yawan fitsari, suna ƙara rage ruwan jiki. Wannan ba dalili ba ne na mutum ya daina sha da kansa, domin barin maganin ya fi zafin haɗari. Abin yi shi ne a koma wurin likita kafin bazara ta kankama, shi zai san ko akwai abin gyarawa. Batun azumi ma haka yake. Daga 2021 zuwa 2024 Ramalana ya yi ta faɗowa tsakiyar bazara. Addini ya yi rangwame ga mara lafiya da tsohon da ya gaza, saboda haka mai irin waɗannan cututtuka ya nemi shawarar likita da ta malami tun kafin wata ya kama.

KADA A RIKITA SU DA BUGUN ZAFI

Akwai wata cutar dabam da ake kira bugun zafi, inda jiki ke kasa huce kansa har zafinsa ya wuce digiri 40, mutum ya ruɗe ko ya suma. Tsananin zafi irin wannan ne ya yi ta'adi a aikin Hajjin 2024, inda hukumomin Saudiyya suka ce alhazai 1,301 sun rasu. Mai bugun zafi jikinsa zai yi rau kamar garwashi, taimakon farko kuwa shi ne a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a yi ta kwara masa ruwan sanyi ana fifita shi, a kuma nufi asibiti.

Shanyewar ɓarin jiki kuwa tana da alamu uku da kowa zai iya dubawa. A ce wa mutum ya yi murmushi, a ga ko baki ya karkace. A ce ya ɗaga hannuwansa biyu, a ga ko ɗaya na faɗuwa. A ce ya yi magana, a ji ko harshe ya yi nauyi ko zance ya rikice. Wani lokaci kuma gani kan dushe farat ɗaya, ko jiri ya kwashi mutum, ko ciwon kai mai tsanani irin wanda bai taɓa ji ba.

In an ga ko da ɗaya daga ciki, kada a ce gajiyar rana ce a bari ya huta, kada kuma a tsaya cewa iska ce ta shafe shi. Masana sun ƙiyasta cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwaƙwalwa na asarar ƙwayoyi kusan miliyan biyu a kowane minti. Allurar da ke narkar da gudan jini kuwa galibi cikin awa huɗu da rabi na farko take aiki, ba a kuma yin ta sai an ɗauki hoton ƙwaƙwalwa da na'urar siti-sikan an tabbatar toshewa ce. Saboda haka a lura da lokacin da abin ya fara, a nufi babban asibitin da ke da na'urar. Kada a ba shi asfirin a gida, domin in fashewa ce zai ƙara zubar jinin. Kada a ɗura masa ruwa ko kunu ko jiƙo, domin haɗiya takan lalace, abin ya sarƙe shi ya faɗa huhu. In ya fita hayyacinsa a kwantar da shi ta gefe. Addu'a ba ta hana tafiya asibiti, a hanya ma ana yin ta. Ko da alamun sun gushe bayan 'yan mintoci, tilas a je, domin sau da yawa gargaɗi ne na babbar da ke tafe.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Abin da gida zai yi ba shi da tsada. Duk wanda ya manyanta ya je a auna jininsa tun cikin hunturu. A rage gishiri da dunƙulen miya, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a wuni, watau ƙasa da ƙaramin cokali guda. A sha ruwa a kai a kai ba sai an ji ƙishirwa ba. Hukumar ta ba da shawarar lita biyu zuwa uku a wuni lokacin zafi, sai fa wanda likita ya ƙayyade masa ruwa saboda ciwon zuciya ko ƙoda. Fitsarin da ya yi ja kuma ya ƙaranta alama ce ta jiki na neman ruwa. A mai da aikin ƙarfi zuwa sassafe ko yamma. Da dare a watsa ruwa kafin a kwanta, a buɗe taga, a jiƙa zane a yafa. Fanka tana taimako, amma in zafin ɗaki ya wuce digiri 40 iska mai zafi kawai take hurowa, sai an haɗa da jiƙa jiki. Sama da duka, a riƙa leƙa tsofaffi safe da rana da dare, na gida da na maƙwabta, a miƙa musu ruwa a tsaya har su sha.

Hukuma ma da nata. Bayan abin da ya faru a 2003, Faransa ta kafa tsarin gargaɗi a 2004, aka buɗe rajistar tsofaffi da naƙasassu a kowace ƙaramar hukuma domin a riƙa tuntuɓarsu in zafi ya tsananta. Birnin Ahmedabad na Indiya, wanda zafin 2010 ya kashe masa mutum sama da 1,300, ya fito da nasa tsarin a 2013, inda ake sanar da jama'a tun da wuri, a shirya asibitoci, a tanadi ruwan sha a wuraren taruwa. A nan gida Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, NiMet, takan yi gargaɗin zafi. Abin da ya rage shi ne gargaɗin ya isa ga talaka da harshensa, ta rediyo da masallatai da majami'u da fadar masu unguwanni, asibitoci su tanadi ruwan ƙari da wuta da ma'aikata kafin watan Afrilu, a kuma riƙa rubuta mace-mace da dalilansu, domin abin da ba a ƙirga ba ba a yi masa tanadi.

Bazara ba baƙuwa ba ce, kowace shekara an san watan zuwanta. Wanda ya auna jininsa tun da sanyi, ya san alamun nan uku, ya kuma san asibitin da zai nufa in ta faru, ya ɗaure raƙuminsa, saura dogaro ga Mai Duka. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya kai mu damina lafiya.